Shamuwa Ta Sauka, Anuhu Bai Dawo Ba

A Unguwar Maje, wani ɗan ƙauye da ke gefen fadama tsakanin Malumfashi da Funtuwa, idan ana son sanin ko damina ta kusa, Matta ake tambaya. Ita ba boka ba, ba kuwa malama ba. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, mai kai daddawa kasuwa, wadda Allah ya ɗora wa son wani tsuntsu tun tana yarinya. Mutane sun yi mata dariya har suka gaji, daga baya suka koma tambayarta.

Uwarta ta rasu tun ba ta yi wayo ba, don haka a gonar raken ubanta ta tashi, a bakin ruwa, cikin kwaɗi da sauro. A nan ta san shamuwa. Ta san ba ta kai zalɓe tsawo ba, kuma in ta tashi sama miƙe wuya take yi, ba ta naɗe shi irin na zalɓe. Baƙa ce daga kai har baya, baƙin yana sheƙi kamar bugaggen shuni, cikinta kuwa fari fat. Wanda bai matsa kusa ba ba zai san fuskarta shuɗiya ce ba, da ɗan ja a gefen ido, ba zai kuma lura da jan da ke gwiwarta da yatsunta ba. Ba ta da waƙa, ba ta da surutu, sai ɗan kaɗa baki in ta sauka wajen mijinta. Tana takawa cikin ciyawa a hankali, kai a sunkuye, ta tsinci fara, ta tsinci tsutsa, in kwaɗo ya yi sakaci ya tafi. Ba ta cin hatsin kowa, shi ya sa ba mai jifanta. Tana zuwa ruwa na biye da ita, in dawa ta fara nuna a wayi gari ta tafi, ba sallama. Matta ta taɓa tambayar ubanta inda take zuwa. Ya ce inda ake ruwa, ya ci gaba da sharar rakensa.

Da ta isa aure, manema uku suka fito, ta zaɓi Anuhu, wanda ya fi su talauci. Mata suka ce ai ba shi ta aura ba, tsamiyar bayan gidansu ta aura, don a kanta shamuwa ke sheƙa kowace shekara. Matta ba ta taɓa musa wannan magana ba, sai dai ta ce shi ma mai tsamiyar ba laifi. Tare suka shiga ajin baftisma na mishan, tare aka ba su sababbin sunaye, wato Matta da Anuhu. Uwarsa kuwa, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ta ce ita ta tsufa da sabon suna, ta zauna a kan al'adar iyayenta ta Maguzawa. Anuhu ne ɗanta na fari, shi kaɗai ne kuma ya rayu. Saboda kunyar ɗan fari, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, tsoho ko sabo. In za ta ambace shi sai ta ce yaron nan.

Matta ta haifi biyu ta binne, sannan ta sami Roda. Daga Roda haihuwa ta tsaya.

To, akwai wata al'ada a Unguwar Maje da baftisma ba ta wanke ba. In an gama girbi, maigida yakan jera dammunan dawarsa a rumbun ƙasa, ya liƙe bakin da laka, ya kifa masa jinka, ya tafi cin rani. Mace ta ci da kanta da 'ya'yanta daga abin da ta noma a gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta, har damina ta kawo jiki. Ranar da maigida ya dawo, shi zai hau tsani da kansa ya fasa lakar, a yi tuwon sabon rumbu, yara su yi ta tsalle. Mace ba ta leƙa rumbun miji. Wani ma ba ya fasa rumbun wani, sai fa in mai shi ya mutu. Saboda haka a garin nan, in ka ga an ɗaga jinkar rumbu, ɗayan biyu ne: ko mai shi ya dawo, ko ba zai dawo ba.

Anuhu yakan tafi haƙar kuza Jos, yakan dawo kuma tare da shamuwa, wata shekarar ya riga ta da kaɗan, wata shekarar ta riga shi. A wata kaka, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ya liƙe rumbu, ya wanke hannu, ya rataya jakarsa. Roda, wadda a lokacin ta fara famfara, ta riƙe masa ƙafa. Ya ce da ita, "Ki riƙa duba tsamiya. In kin ga baƙin uwarki sun sauka, ki leƙa hanya." Ya taka zuwa Funtuwa ya hau jirgin ƙasa.

Wannan shekarar gayaunar Matta ba ta yi abin kirki ba, ƙuduji ya cinye rabin dawar. Ta ja abin da ta samu, ta haɗa da rogo, ta haɗa da cinikin daddawa, ta kai su tsakiyar bazara. Sai ƙyanda ta shigo gari. Ta kama Roda, ta kwantar da ita, ta sake ta ba nama a jiki. Kafin yarinyar ta miƙe, tukunyar hatsin Matta ta zama fayau. Suka koma garin ɗorawa da ruwa. Matta ba ta tsorata ba tukuna, don iska ta juya, kuma da safe tana jin ƙanshin ƙasa daga kudu.

Wata rana da hantsi tana tsakar gida ta ɗaga kai, ta ga shamuwa can ƙololuwa suna kewaya, ba su ko kaɗa fiffike. Ta saki muciya ta yi guɗa. Kafin la'asar sun sauka a tsamiya, kowane biyu sun nufi tsohuwar sheƙarsu. Roda ta rarrafa ƙofar gida ta zauna tana kallon hanya.

Maza suka fara dawowa, ɗaya ɗaya, biyu biyu. Kowace safiya a ji ƙarar fasa laka a wani gida, da yamma ƙanshin tuwo ya tsallako danga. Na ƙarshe da ya iso shi ne Mudi, abokin tafiyar Anuhu. Matta ba ta jira ya huta ba, ta same shi a zaure ta durƙusa.

"Sannu da hanya, Malam Mudi. Ina kuka baro shi?"

Mudi ya ce, "Wallahi, Matta, tun tsakiyar rani muka rabu. An ce ana biya da kyau a wani rami gaba da Bukuru, ya bi wasu mutane. Yana ɗan tari sa'ad da zai tafi. Da zan taho na je na tambaya, aka ce an tashi daga wurin."

"An tashi zuwa ina?"

"Ban sami wanda ya sani ba."

Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Da an ce mata ɗaya daga ciki da ta san abin yi. Ta dawo gida ta sami Tsohuwa a gindin rumbu tana kaɗi, don tun ranar da shamuwa ta sauka tsohuwar ta mai da tabarmarta can, inda take hangen hanya. Matta ta faɗa mata abin da Mudi ya ce, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Iya, yarinyar nan ba ta da komai a ciki. Ko a kira maza su ɗan ɗaga mana, mu ɗebi dami ɗaya a mayar?"

Mazarin ya tsaya a hannun Tsohuwa. "A ɗaga me? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Iya."

"To ki kama bakinki. Tsuntsayenki ko sheƙa ba su gama gyarawa ba. Bari su gama, yaron nan yana hanya."

Shamuwa ba ta gaggawa wajen sheƙa. Namijin ya je ya ɗauko tsinke, macen ta karɓa ta juya shi ta juya shi, ta soka, ta zare, ta sake sokawa. A da Matta takan zauna ta yi ta kallonsu tana dariya. Bana ji take kamar ta hau ta gina musu da hannunta.

Ruwan farko ya sauka. Shinge, garar nan mai fiffike, ya fito daga suri, shamuwa suka yi caa a kansa, Matta ma ta ɗauki ƙwarya ta shiga cikinsu. Daga ranar ta zama 'yar rakiyarsu. Da sassafe ta duba inda suka nufa ta bi, don duk inda suka sauka akwai fara. Su tsinta da baki, ita ta kama da hannu. Su shiga ruwa iya gwiwa, ita ma ta ɗaure zane ta shiga, tana laluben burduddugi da saiwar bado. Sun saba da ita har ba sa tashi, sai dai su matsa gefe su dube ta da ido ɗaya. Ta dawo ta soya farar, ta dafa tafasa, ta tura wa Roda. Cikin da ƙyanda ta ɓata ba ya riƙe irin wannan abinci. Abin da ya shiga da safe, kafin rana ta take ya fita.

Kada a ce mutanen Unguwar Maje ba su da tausayi. Suna da shi, amma daidai mudu. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba, kuma ga aikin gona ya taso. Maƙwabta sun aiko da tuwo sau ɗaya, sau biyu. A na uku sai Matta ta ji wata tana cewa ta bayan danga, "Ikon Allah, mai rumbu cike har wuya ita ke bara wurin masu rabi." Gaskiya ce kuwa, shi ya sa ta yi zafi. Rumbun Anuhu ya fi na kowa cika a unguwar, yana tsaye a tsakar gida da ƙaton cikinsa, inuwarsa tana faɗawa daidai ƙofar ɗakin da Roda ke kwance.

Ta je wurin Malam Ishaya, mai bisharar da ke kula da 'yar majami'arsu. Mutumin kirki ne, ya auno mata gero daga nasa, ya yi addu'a mai tsawo. Ta jira ya ce amin.

"Malam, zunubi ne in an fasa?"

"A Littafi ban ga inda aka hana ba."

"To ka zo ka fasa mana."

Ya share gumi. "Matta, in na sa hannu, gobe za a ce 'yan mishan sun kashe mutum da ransa don su ci dawarsa. Ba wanda zai ƙara shiga majami'ar nan. Ki samo yardar Tsohuwa, ni zan riƙe tsani."

Ta gode masa, don ba ta da abin da za ta yi da fushi. Geron ya yi musu 'yan kwanaki ya ƙare.

Sheƙa ta kammala, shamuwa ta yi ƙwai ta kwanta. In macen ta gaji namijin ya karɓe ta, ba a barin ƙwan shi kaɗai ko da rana ta take. Gonakin mutane suka yi kore, gonar Anuhu tana nan sai ciyawa, don irin shuka ma yana cikin rumbun. Ƙafafun Roda suka fara kumbura. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, in an shafa sai ya biyo hannu. Matta ta goya ta har ɗakin magani na mishan, mai ba da maganin ya danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ce wannan ba ciwon allura ba ne, a ba ta kunu mai kauri, a ba ta sau da yawa. Matta ta sake goya 'yarta.

Ta koma wurin Tsohuwa. Wannan karon ba ta durƙusa daga nesa ba, ta kwance goyon ta ajiye mata yarinyar a cinya.

"Iya, duba ƙafarta. Sun gama sheƙa, sun yi ƙwai. Me kuma muke jira?"

Tsohuwa ta shafa ƙafar. Ita ma ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu, don Matta ta sha kama ta tana tura nata rabon gaban jikarta tana cewa ta ƙoshi. Ba mugunta ke damunta ba, Matta ta san haka, kuma sanin bai rage mata komai ba.

"'Yar nan," in ji Tsohuwa, "na binne bakwai. Duk na ga gawarsu, na wanke su da hannuna. Wannan ban ga tasa ba. Kina so in binne shi da bakina? In ya shigo gobe ya ga an ɗaga jinka, ya ce wa ya yi masa haka, in ce ni?" Ta share ido da gefen zane. "Bari su ƙyanƙyashe. Bai taɓa wuce ƙyanƙyasa ba. Na roƙe ki."

Matta ta ɗauki 'yarta ta shiga ɗaki. Ita ma ba ta so a ɗaga jinkar nan. Duk sa'ad da ta ji tari a bayan danga sai gabanta ya faɗi, ta miƙe, ta ga ashe wani ne ke wucewa. Tana son mijinta, tana jin haushinsa, tana tsoron ranar da za ta daina leƙa hanya. Amma tsoron da ya fi wannan yana kwance a tabarma yana numfashi sama-sama.

Suka ƙyanƙyashe. Aka fara jin 'yan tsaki a saman tsamiya, iyayen suna ta safa tsakanin fadama da sheƙa, su cika maƙoshi su zo su amayar wa 'ya'yan. In rana ta yi zafi uwar ta buɗe fiffike ta yi musu inuwa. Matta ta dubi Tsohuwa, Tsohuwa ta kau da kai ta ce, "Bari su yi gashi." Matta ta koma ɗaki. Ta gane cewa bayan gashi akwai koyon tashi, bayan koyon tashi akwai tafiya, bayan tafiya kuma akwai wata shekarar.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne Roda ta daina kuka. Da takan ce Inna yunwa, har Matta ta toshe kunne. Yanzu ta yi shiru, in an kawo mata romon tafasa sai ta juya fuska bango. Ta daina tambayar hanya ma.

Wata safiya Matta ta zagaya bayan gida za ta fadama, ta ga wani abu yana motsi a gindin tsamiya. Ɗan shamuwa ne, ƙaramin cikin uku na sheƙar da ke reshen ƙasa, wanda 'yan'uwansa suke ture shi in abinci ya zo. Duk kai ne da baki, tururuwa sun riga sun same shi. Yana buɗe baki ba sauti. Ta ɗaga kai. Uwar tana tsaye a bakin sheƙa, ta leƙo ƙasa da ido ɗaya, ta daɗe tana leƙe, sannan ta juya ta ci gaba da ciyar da sauran. Matta ta san shamuwa ba ta saukowa don wanda ya faɗo, ta sha gani tun tana yarinya. Amma yau ta kasa wucewa.

"Ke kina da biyu a sama," ta ce da ƙarfi, kamar mai faɗa da maƙwabciya. "Ni fa? Ni wa nake da shi a sama?"

Ta jefar da ƙwaryar. Ta koma cikin gida, ta jawo tsani daga bayan ɗaki, ta jingina a rumbu, ta soke fartanya a ɗamara. Tsohuwa ta rarrafo ta kama ƙafar tsanin.

"Matta! Kada ki kashe min shi!"

"Iya, sakar min tsani."

"Yau kaɗai. Ki ba shi yau kaɗai."

"Na ba shi. Ba ni da sauran yau."

Ta hau. Ba ta taɓa ganin gidansu daga nan ba. Ta hangi hanyar Funtuwa ta miƙe har inda ido ya ƙare, ta dube ta da kyau, daga farko har ƙarshe, ko Allah zai sa. Ba kowa a kanta sai wani mai jaki. Ta tura jinkar ta faɗi ƙasa. Ga lakar da Anuhu ya shafe, da sawun yatsunsa a bushe a jiki. Ta rufe ido ta sara.

Ƙanshin dawa ya bugi fuskarta. A ƙasa kuwa Tsohuwa ta saki tsani, ta ɗora hannu biyu a ka, ta ƙwala kiran da ba a taɓa ji a bakinta ba, da sunan da ta raɗa masa ranar da ta haife shi.

"Nomau! Wayyo Nomau! Nomau ɗana!"

Masu noma a gonakin kusa suka ji suka yar da fartanya. Da suka hango rumbu ba jinka, ba wanda ya tambayi kome. Mata suka shigo da kuka, maza suka zauna a ƙofar gida suka sunkuyar da kai, Malam Ishaya ya iso da Littafinsa a hammata. Matta ta ratsa tsakiyar masu makoki da dami a ka. Wata ta kama ta tana cewa sai haƙuri, ta fizge. Ta sussuka, ta bakace, ta niƙa, ta hura wuta, mutane suna kallonta suna cewa ko ta zautu ne. Matar da ake yi wa ta'aziyya ba ta ko zauna ba.

Ta dama kunu mai kauri, ta fifita shi, ta shiga ɗaki. Ta tallafo kan Roda ta kai mata ludayi baki. Yarinyar ta fara juya fuska yadda ta saba, sai ƙanshin ya shige ta. Ta buɗe ido. Ta kurɓa sau ɗaya, ta haɗiye da ƙyar, ta sake kurɓa. Sai fuskarta ta washe, har giɓin famfararta ya fito, ta yi ƙoƙarin leƙa ƙofa.

"Inna, dawar rumbu ce. Baba ya dawo?"

Kukan mata yana shigowa ta ƙofa. Matta ba ta taɓa yi wa 'yar nan ƙarya ba, kuma ta ga yau ce ranar da ya fi kamata ta yi. Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fita.

"Bai dawo ba. Ni na fasa."

Roda 'yar Unguwar Maje ce, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Ta saurari kukan da ke waje, ta dubi kunun, ta datse baki.

Matta ta matse ta a ƙirji, hawayen da ta hana tun bazara suka ɓalle, suna ɗiga a jan gashin yarinyar. Ta sake kai ludayin.

"Sha, Roda. Don Allah ki sha. Shi ya noma miki."

Yarinyar ta daɗe bakinta a datse. Sannan ta buɗe, tana kuka tana haɗiya.